Kunnenka na Hagu

Gangara, lokacin girbi

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka riga ka sauka lafiya, kai da kayanka, ka sha ruwa, ka miƙe ƙafa. Allah ya tsare ka a hanyar Belbeji, ya tsare ka a kwarin Tarka, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙauyen da aka tura ka koyarwa. Allah ya raba ka da sharrin mota da sharrin baki.

Ina rubutun nan ne kana can cikin gari kana sallama da abokanka, gobe da safe za ka tafi. Zan cusa takardar cikin buhun ƙuli-ƙuli, ƙarƙashin ƙullin yaji. Na san ka sarai. Jakar tufafi tana iya yin mako ba ka kwance ta ba, amma ƙuli ba zai kwana ba ka taɓa shi ba. Kuma kada ka yi dariyar rubutuna. A ajin yaƙi da jahilci na koye shi, ina goye da kai, kana ja mini ɗankwali. Yanzu ka zama mushe, malamin makaranta, to kada ka ɗauko mini jan biro.

Laminu, na sani. Kunnenka na hagu ba ya ji.

Zauna, kada ka tashi tsaye. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban gaya wa kowa ba. Na zaɓi in rubuta ne don in da baki zan faɗa, sai na ɗaga murya, gida kuwa ba ya rasa mai wucewa.

Tun zazzaɓin nan da ya kwantar da kai da bazara abin ya faru, ko ba haka ba? Na fara lura wata rana ina tankaɗe a bakin madafa, kana zaune gindin bishiyar bedi da littafi, gefenka na hagu yana wajena. Na kira ka, na sake kira, har akuya ta ɗago kai, kai ba ka ɗago ba. Na ce a raina yaron nan karatu ya cinye shi. Da na zagayo ta damanka na ce "Laminu" a hankali, sai ka yi firgigit ka ce, "Na'am, Inna." Nan take na gane. Na koma madafa na zauna. Tuwon ranar da gudaji kuka ci shi, ba wanda ya tambayi dalili.

Daga nan na sa maka ido. Salula kullum a kunnen dama. In an shimfiɗa tabarma kai ne farkon zama, ka kama gefen da kowa zai faɗo ta damanka. In mutum yana magana bakinsa kake kallo, ba idonsa ba. In kuma maganar ta wuce ka sai ka yi murmushi ka ce, "Haka ne." Ran nan maƙwabciyarmu ta shigo tana gaya maka tunkiyarta ta mutu wajen haihuwa, ka yi mata murmushin nan naka ka ce haka ne. Sai da na yi maza na jawo ta ɗaki da zancen gishiri.

Za ka ce, to Inna, me ya hana ki magana tun tuni? Ai ke ba a san ki da shiru ba. Gaskiyarka. Abin da ya rufe mini baki shi ne abin da na yi wa yayyenka biyu, kuma gara ka ji shi daga gare ni yadda yake, ba yadda ake ba da shi ana dariya ran salla ba.

Ka fara da babban yayanku, na Agadas. Ɗan fari ne, ka san ba na kama sunansa, ba na zama in yi hira da shi ido da ido, balle in tambaye shi zaman gidansa. Haka muka tarar, haka aka yi da mu. To amma kunya ba ta hana zuciya aikinta. Lokacin da ya fara aiko mana saƙon murya ta salula, kai ne kake kunna mini, ka tuna ina cewa a maimaita, a sake maimaitawa? Kana zaton maganarsa ce ban gane ba. Ina! Maganarsa ai ɗaya ce kullum: lafiya lau, aiki da godiya, a gaida Baba. Ni abin da ke bayan muryar nake saurare.

Da, in yana magana ina jin turmi, ina jin matarsa Hajara tana korar kaji, rediyonta yana ta waƙa. Sai aka shiga wani lokaci na shiru. Ba turmi, ba rediyo, ba Hajara. Wata rana ma sai na ji ana buga ludayi a bakin tukunya dab da bakinsa, ƙwal-ƙwal, irin bugun namiji, don mace ba ta dukan tukunyarta haka. Na ce shi ke nan, Hajara ta yi yaji, ɗana yana can yana dafa wa kansa. Ban tambaye shi ba, kunya ta hana. Ban shawarci babanku ba, don na san zai ce in bari. Sai na tashi ƙanena, kawunku Bello, na saya masa goro, na sa shi a mota zuwa Tanut gidan iyayen Hajara, wai ya je biko.

Bawan Allah ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, ya ajiye goro, ya gyara murya ya shiga ba da haƙuri: yaro ne, a yi masa afuwa, a ba mu matarmu mu koma da ita. Uban Hajara ya dube shi ya ce, "Malam Bello, wace matar?" Ashe yarinya tana ɗakinta a Agadas. Ƙaramin ciki ne da ita, laulayi ya kwantar da ita, ko warin albasa ba ta iya shaƙa. Shi kuwa yayanka ya shiga madafa da kansa, ya kashe rediyo don ta samu barci. Abin da ya kamata in yi guɗa a kai, shi na aika a ba da haƙuri a kai.

Da abin ya tsaya a dariya da sauƙi. Amma iyayenta suka ce in babu komai, me ya kawo goro tun daga Gangara? Suka dame ta da tambaya, ita ta dame shi, aka yi ɓacin ran da da babu shi. Kawunku har yau in ya ga goro a hannuna sai ya ce, "Yaya, yau kuma ina za a aike ni?" Yayanka bai taɓa ce mini uffan ba, ɗan albarka ne. Sai dai tun daga lokacin a bakin titi yake tsayawa ya yi mana saƙo. Ba na jin komai a bayansa sai motoci.

Abin da nake so ka ɗauka a nan, Laminu: in ka yi shiru, mutane ba sa taya ka shirun. Cike gurbin suke yi da abin da ransu ya ba su. Ni da na haife shi, nake sonsa kamar raina, na ƙirƙiro masa mutuwar aure daga ƙarar ludayi. To ina ga waɗanda ba su san ka ba, ba su san uwarka ba? Ni dai daga wajena ka kwantar da hankalinka. Ba zan aiko kowa ba. Ba za ka wayi gari ka ga kawunka a ƙofar lakwal, makarantar taku, da goro ba.

Ita kuwa yayarka Mariyama, ba ta ɓoye mini ba, ni na koya mata ɓoyewa. Lokacin da take neman shiga makarantar ungozoma a Damagaram, ta yi jarrabawa ba ta ci ba, ta sake yi, sunanta bai fito ba. Ta kira ni, ta ce, "Inna, wannan karon ma ban samu ba." Maimakon in ce mata Allah ya sa haka ya fi alheri, sai na kurma ihu na zube a tsakar gida. Maƙwabta suka shigo a guje, wata har ta fara salati tana tambayar wa ya rasu. Na ƙi cin abinci, jinina ya hau, aka kwashe ni zuwa likita. Yarinyar da ya kamata a rarrasa, ita ta shigo mota ta zo jinyata, tana dama mini kunu, tana cewa in yi haƙuri. Da na warware, wata rana tana tsefe mini kai, sai ta ce, "Inna, ni na faɗi jarrabawa, amma ke ake yi wa jaje." Da dariya ta faɗa. Ni ban yi dariya ba.

Da shekara ta zagayo ta sake shiga, ba ta gaya mini ba sai da sakamako ya fito. Ta ci, alhamdu lillahi, ga ta can tana karɓar haihuwa, mata suna sa mata albarka. Amma ranar da ta shiga ɗakin jarrabawar nan ni ina nan ina sussukar gero ban san komai ba. Ko addu'ar safe ban ware mata ba. Wallahi wannan ya fi mini ciwo a kan faɗuwar farko.

Kai ma ka riƙe wannan, don wata rana za ka aje iyali: in mutum ya kawo maka damuwarsa, kada ka ƙwace ta ka mayar da ita taka. Ka bar masa abinsa a hannu, kai dai ka tallafa ta ƙasa. Shi ya sa da na gane zancen kunnenka na cije. Na yi kukana a bayan rumbu, na wanke fuska da ruwan buta, na fito na zuba muku abinci. Na ce wannan karon zan jira mai abu ya faɗa da bakinsa. Na yi ta zama ta damanka ina ba ka hanya. Na kawo zancen zazzaɓin, ka ce ai ya wuce. Na ce ko akwai inda yake maka ciwo, ka ce lafiya lau. Lafiya lau ɗin nan taku, ku ukun, na san ni na dasa muku ita a baki.

Ba zan ɓoye maka ba, sau ɗaya na kusa komawa halina. Ran kasuwa na tsaya wurin mai maganin nan da ke ihu da lasifika, na sayi wani mai a ƴar kwalba. Ya rantse mini ko wanda aka haifa kurma aka ɗiga wa sai ya ji tafiyar tururuwa. Na yi ta yawo da kwalbar a bakin zani ina neman dabarar ɗiga maka kana barcin rana. Har na tsaya a kanka na buɗe murfi, sai goron kawunka ya faɗo mini a rai. Na fita na shafa man a ƙyauren ɗakina da yake ƙara. Ya kuwa daina ƙara, ban yi asara ba.

To me ya sa yanzu na buɗe baki? Don za ka tafi da shirunka inda ba ni nan in ja maƙwabciya ɗaki da zancen gishiri. Kuma don na taɓa bin hanyar nan da kake bi, na san inda take ɓullewa.

Ka tuna kafin in fara sa tabarau? Idona ya daɗe yana hazo ina ɓoyewa. Tsoro nake kada a ce Habi ta tsufa, kada a karɓe mini madafa a zaunar da ni a gindin bango. Allura sai in ce wa yara su zura mini, wai hannuna da mai. Babanku ya tauna tsakuwa a tuwo, na ɗora wa injin niƙa laifi. Ana nan, wata rana aka yi suna a unguwar gabas, uwar mijin Mariyama ta zo daga Damagaram, tana zaune cikin rumfa. Ta hango ni, ta ɗaga mini hannu tana fara'a. Ni kuwa inuwoyi kawai nake gani. Na bi ta gabanta na wuce ɗaɗɗaya da kai a sama, kamar matar perfe mai mulkin jiha.

Ba ta ce komai ba, amma waɗanda ke zaune da ita sun ce. Wai tun da ɗanta na Agadas ya yi mata ɗakin siminti, Habi ba ta ganin mutane. Maganar ta bi ta rijiya, ta bi ta wurin niƙa, ta je Damagaram ta dawo, ni ce ta ƙarshen ji. A tsakanin nan Mariyama tana can tana shan kallon banza a gidan miji, ba ta san dalili ba. Da labari ya iso ni na shirya na tafi takanas, na durƙusa na ce, "Hajiya, wallahi ba raini ba ne, ba na gani ne." Sai matar nan ta riƙe baki ta ce, "Ayya, baiwar Allah! Ai da kin faɗa!" Ita da kanta ta raka ni wurin likitan ido, ta zauna da ni a layi tun safe har azahar, muna cin gyaɗa. Yau ba ni da ƙawar da ta fi ta. Watannin da na yi ina ɓoyo, ba abin da suka saya mini sai baƙin suna.

Kai ma an fara, in ba ka sani ba. Mai shagon bakin masallaci ya ce a gaban mutane, tun da aka ba Laminu aiki ba ya amsa sallama. Nan garinku ne fa, an san ubanka, an san kakanka, an ga lokacin da kake yawo ba wando, ana iya yi maka uzuri. Can wa zai yi maka?

Na san ƙasar da za ka. Ina budurwa na sha bin babana can, muna kai gero muna karɓo cuku da man shanu. Akwai Hausawa, akwai Fulani, akwai Abzinawa, kuma dukansu ba sa wasa da gaisuwa. Ga abin da ya hana ni sukuni tun da na ji sunan wurin: mazan Abzinawa bakinsu a rufe yake da amawali, ba sa sauke shi a gaban baƙo, kuma ba sa ɗaga murya. Babban mutum a wurinsu shi ne wanda sai ka matso kake jin abin da ya ce. Kai kuwa dabararka duk a kallon baki take. Wane bakin za ka kalla?

Ka duba mini wannan. Wani uba zai taso daga rugarsa, mutumin da ya daɗe yana shawara da zuciyarsa kafin ya yarda ya raba yaro da awaki ya kawo shi lakwal. Zai zo ya tsaya ta hagunka, riƙe da hannun ɗansa, ya yi maka sallama can ƙasa-ƙasa ta cikin rawani. Kai kana rubutu a allo. Ba zai maimaita ba, ba halinsu ba ne. Zai ɗan tsaya, ya juya da ɗansa su koma, kai ba ka ma san an zo ba. Kafin rana ta faɗi, duk masu shayarwa a rijiya sun ji cewa sabon mushe ba ya amsa gaisuwar talaka. Yaran ma da ke cikin aji, kai a sunkuye suke ba da amsa, don ladabi. Yarinya za ta faɗi daidai ka ce ba ta faɗa ba, ta haɗiye abinta, gobe ba za ta sake ɗaga hannu ba.

Don haka ga roƙona, guda ɗaya ne, sauran duk cikon takarda ne. Ka faɗa musu tun farko. In ka je gaida mai gari, bayan an gama tambayar hanya da gajiya, ka ce, "Ranka ya daɗe, kunnena na hagu ba ya ji, ciwo ne ya taɓa shi. Wanda zai yi mini magana ya zo ta dama, wanda ya yi mini sallama ban amsa ba ya taɓa ni." Shi ke nan fa. Maganar ba ta kai tsawon gaisuwar safe ba. Ka faɗa wa direktan lakwal, ka faɗa wa yara ran da ka fara shiga aji. Za su yi dariya, za su laƙaba maka suna, wataƙila Mushe Dama. To sai me? Ni an kira ni Mai Gilashi har na saba, yanzu in ba a faɗa ba sai in ga kamar ba da ni ake ba.

Na san tsoronka, ba sai ka faɗa ba. Aikin kwantiragi ne, ka daɗe kana jiransa, kana ganin in maganar ta kai kunnen manya za su ce a kawo mai kunne biyu. Ban san dokarsu ba, ba zan yi maka ƙarya in ce hakan ba zai yiwu ba. Ina dai zaton mai koyar da yara da kunne ɗaya da gaskiya ya fi musu amfani a kan wanda babu shi sam, don ba kowa ke yarda ya je can ya zauna ba. Amma ko da an ce ka koma gida saboda kunne, sai ka dawo. Gona tana nan, ɗakinka yana nan, ba mai cewa ka yi abin kunya. In kuwa aka ce a ɗauke ka don kana raina mutane, wannan sunan zai riga ka isa duk inda aka sake tura ka.

In an ba ku hutu ka wuce Damagaram a duba ka. Mariyama ta san ƙofar da ake bi, amma ban gaya mata ba, kai za ka gaya mata. Wataƙila akwai magani, wataƙila babu, gara dai a ji daga bakin wanda ya leƙa ciki da fitila. Na daman nan kuwa ka riƙe shi da kyau. Ka daina sa masa tsinken ashana da gashin kaza, na gan ka. Ka rage toshe shi da igiyar waƙar nan. In za ka tsallaka hanya ka juya kai gaba ɗaya ka duba hagu, masu babur ba su san komai a kanka ba.

Ita ma yarinyar da kake zuwa zance wurinta, kada ka yi mini fuskar wace yarinya, duk Gangara an sani, ka faɗa mata kafin magana ta je gaban manya. Mace tana iya zama da miji mai kunne ɗaya har tsufa. Abin da ba ta yafewa shi ne ta gano daga baya cewa rabin abin da ta faɗa a dandali, haka ne kawai aka yi ta ce mata.

Babanka ban gaya masa ba. Ka san shi, ba ya magana, sai dai ka ga ya rage loma, ya daɗe a kan buzu bayan an sallame. Ga aikin girbi a kansa. Na bar maka, ka gaya masa da bakinka ran da ka shirya.

Kada ka karanta duk wannan ka ɗauka ina cikin baƙin ciki. Wallahi a'a. Bana gero ya yi, rumbu ya kusa cika tun ba a gama ɗauri ba, wake ma ba laifi. Akuyata ja ta haifi biyu. Jikokina na Agadas suna yi mini waƙa a salula, ƴar Mariyama ta fara kirana da Kaka Gilashi. Na aurar, na ga jikoki, ga autana ya zama malami, yaran mutane za su tashi tsaye in ya shigo. Me zan ce wa Allah in ba godiya ba? Damuwa da ku kuwa, ku daina ƙoƙarin raba ni da ita. Ba cuta ba ce, aikina ne, kamar tankaɗe. Da kuna ƙanana ina damuwa da tari da ƙyanda, yanzu ina damuwa da aure da aiki da kunne. In kun ɓoye mini ba hutawa nake ba, ƙirƙirowa nake, kuma ka ga irin abin da nake ƙirƙirowa. Ku ba ni na gaskiyar in san abin da zan roƙa muku in na ɗaga hannu. Na yi alkawari ba ihu, ba faɗuwa, ba aike.

A nan na so in rufe, har na fara ninke takardar. Dole na sake buɗe ta.

Babanka ne ya shigo daga sallar la'asar, ya tarar da ni gindin bedi da biro. Ya ce, "Habi, me ake rubutawa haka tun azahar?" Na ce nasiha ce nake yi wa yaron nan, ya riƙe salla, ya kiyayi ruwan tafki. Ya ce madalla. Ya jingine sandarsa, ya zauna a kan turmi yana kallon kaji. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ki ƙara masa wannan. In ya kwanta ta dama ya yi addu'arsa yadda aka koya masa, to kafin barci ya ɗauke shi ya juya ta hagu. In ya danne na daman da matashi ba ya jin kiran asuba. Can babu mai taɓa masa ƙafa."

Laminu, biro ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Malam, ka sani?"

Ya ce, "Wa kike zaton yake tashinsa tun bazara? Yaron da ladan bai taɓa riga shi tashi ba."

Na ce, "Shi ne ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Ina gudun hankalinki ya tashi."

Na ce, "Ni ma naka nake gudu."

Muka dubi juna, tsofaffi biyu, gida ɗaya, tukunya ɗaya, kowa yana ta kaffa-kaffa da abu ɗaya yana ɓoye wa ɗan'uwansa, kai kuma kana tsakiya kana ɓoye mana mu duka. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ban ji ya yi ba tun haihuwar jikansa na fari, har da tari. Ni ma na yi ta yi ina share ido da bakin mayafi, ban san ko na dariya ba ne ko na ɗayan.

To ka ji. Abin da na rubuta a sama cewa babanka bai sani ba, ban soke shi ba, na bar maka ka ga wautar uwarka. A gidan nan babu sauran wanda za ka ɓoye wa. Mun sani, muna ci muna sha, ba wanda ya faɗi, ba wanda aka kai likita. Saura mutanen can, su kuwa ba mu da bakin gaya musu, sai kai.

Ya ce in gaya maka shi ba sai ka yi masa maganar ba, ya riga ya ji. Ni kam sai ka yi mini. Ran da ka fito daga zauren mai gari, ka kira ni ka ce, "Inna, na faɗa." Ba na son ƙari a kai.

Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya sa yaran da za ka koyar su yi albarka, iyayensu su riƙe ka kamar nasu. Allah ya tsare maka kunnen da ya rage, ya sa alheri za ka riƙa ji da shi. Babanka yana sa maka albarka, ni ma na sa, duniya da lahira.

Wassalam.

Innarka,
Habi